Kuskuren Ofishin Lauya a Takardar Gidan Gado: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da magada suka fi yi idan suka gano cewa takardar da ofishin lauya ya rubuta musu a kan gida ko filin da suka gada ba ta yi daidai da abin da aka raba ba. Amsoshin sun ginu ne a kan dokar Nijeriya da yadda ake aiki a jihohin Arewa da Abuja, kuma sun fi karkata ga gadon Musulmi.

1. Wace takarda ake nufi, kuma mene ne matsayinta a cikin takardun gado?

Gidan gado da ke cikin birni yawanci yana tafiya ne da takardu huɗu. Akwai takardar shaidar mallaka da gwamna ya ba marigayi, wadda aka fi sani da C of O, ko kuma takardar cinikin da ya sayi gidan da ita. Akwai taswirar safiyo mai nuna iyakoki da lambobin duwatsun da aka kafa a kusurwoyi. Akwai takardar rabon gado daga kotun shari'ar Musulunci, ko takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga sashen gado na Babbar Kotun Jiha ga waɗanda suka bi ta can. Ta huɗu ita ce wadda lauya yake rubutawa domin a mayar da gidan daga sunan marigayi zuwa sunan wanda ya faɗa a rabonsa, sannan a kai ta ma'aikatar ƙasa a yi mata rajista.

Wannan ta huɗun kwafowa take yi daga ukun da suka gabace ta: suna da kaso daga takardar kotu, lambar fuloti da lambar fayil daga C of O, girma da iyaka daga taswira. Sashe na 22 na Dokar Lauyoyi ta 1975 ya hana wanda ba lauya ba rubuta takardar gida ko fili don a biya shi, kuma tunda doka ta keɓe wa lauyoyi wannan aiki, nauyin yin sa daidai ma a wuyansu yake.

2. Waɗanne irin kurakurai aka fi samu?

Mafi yawa su ne na suna. Mutum ɗaya ya zama Muhammadu a takardar kotu, Mohammed a katin NIN, Mamman a takardar lauya saboda da shi 'yan gida suka ambace shi. Sai na lamba da awo. Ofisoshi da dama suna ɗora sabon aiki ne a kan tsohuwar takardar wani da ke cikin kwamfuta, a canza suna a shafin farko, amma lambar fulotin wancan mutumin ta ci gaba da zama a shafi na uku, wurin da ake bayanin fili, ba tare da kowa ya lura ba. Haka nan akan rikita ƙafa da mita: fuloti mai ƙafa 50 da 100 bai wuce murabba'in mita 465 ba, amma idan aka rubuta mita 50 da 100, takarda ta ba ku murabba'in mita 5,000, wato ta haɗiye gidajen maƙwabta.

Mafi nauyi su ne waɗanda suka taɓa rabon kansa, kamar a tsallake sunan wata 'ya da ke aure a wani gari, ko a rubuta wa 'ya'ya maza da mata kaso ɗaya, ko a rubuta gidan gaba ɗaya da sunan babban wa alhali wakilcin 'yan'uwansa kawai aka ba shi. Hanyar gyaran kowane iri daban ce: na suna a duba amsa ta 6, na lamba da awo amsa ta 7, na rabo kuma amsa ta 8.

3. Kuskuren da ke cikin takarda zai iya raba ni da gadona?

Shi kaɗai ba zai raba ku da shi ba. Haƙƙin magaji yana tabbata ne da rasuwar wanda aka gada, kuma sashe na 24 na Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ya amince da cewa haƙƙin mallakar fili yana gangarawa ga magada. Rajista ma ba ta mayar da kuskure ya zama gaskiya, domin dokar rajistar takardun filaye ta bayyana cewa yin rajista ba ya warkar da aibin da ke jikin takarda.

Sai dai duk da haka, takarda mai kuskure tana ɗaure wa mai ita hannu. Mai saye mai hankali zai janye idan lauyansa ya bincika ya ga lambobi sun saɓa, banki ba zai karɓi gidan jingina ba, ma'aikatar ƙasa kuma za ta dakatar da sauya suna. Babban haɗarin yana cikin jinkiri: waɗanda suka halarci rabon suna tsufa suna rasuwa, wanda kuskuren ya amfana yana iya sayarwa (amsa ta 11), sannan a fiƙihun Malikiyya da kotunanmu ke aiki da shi akwai hauzi, inda wanda ya ga ana riƙe da dukiyarsa ya yi shiru ba tare da uzuri ba yake iya rasa damar da'awa bayan shekara 10 idan bare ne ke riƙe da ita, ko shekara 40 idan ɗan'uwa ne.

4. Ta yaya za mu tabbatar cewa daga ofishin lauya kuskuren ya taso?

Ku shimfiɗa takardun nan huɗu a wuri ɗaya, wani yana karanta ta lauya da ƙarfi, wani yana bin sauran da yatsa, harafi bayan harafi, lamba bayan lamba. Kada ku tsaya a kan kwafin da ke gida kawai. Ku nemi kwafin da kotu ta buga wa hatimin tabbatarwa, sannan ku biya kuɗin bincike a hukumar da ke riƙe da fayil ɗin filin, wato KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna, AGIS a Abuja, ko takwarorinsu a sauran jihohi, domin ku ga abin da aka shigar a can.

Idan sauran takardun sun yi daidai da juna, ta lauya ce kaɗai ta saɓa, to an san inda matsalar take. Idan kuwa kuskuren yana cikin takardar kotu tun asali, kotun da ta yi rabon ita ce za ta gyara rubutunta, kuma kotuna suna da ikon gyara tuntuɓen alƙalami a hukuncinsu. Idan a taswira yake, sai a koma wurin safiyo mai rajista da ofishin Babban Safiyon Jiha. Akwai kuma inda iyali da kansu suka miƙa wa lauya jerin sunaye da baki ko a saƙon waya. Ko a nan ma ba na ganin lauya ya kuɓuta gaba ɗaya, domin wanda zai rubuta takardar gado bai kamata ya ɗora alƙalami ba sai ya ga takardar kotu da idonsa, amma dai hakan yana rage masa nauyin biya.

5. Wane mataki ya kamata mu fara ɗauka?

Ku rubuta wa ofishin wasiƙa. Ku ambaci ranar da aka rubuta takardar, da shafi da layin da kuskuren yake, da abin da ya kamata a rubuta, da takardar da ta tabbatar da hakan, sannan ku sa wa'adin da kuke jiran amsa. Ku kai kwafi biyu, a buga wa ɗaya hatimin karɓa da kwanan wata a mayar muku. Alkawarin baki na "ku dawo mako mai zuwa" ba ya zama hujja ranar da ake neman hujja. Kada ku bar musu asalin C of O ko asalin takardar kotu sai da rubutacciyar shaidar karɓa mai ɗauke da sunan wanda ya karɓa.

Ku duba ƙarshen takardar ku ga sunan lauyan da ya shirya ta da hatiminsa na Ƙungiyar Lauyoyi ta Nijeriya, NBA, wanda ƙa'idojin aikin lauya suka wajabta a manna. Sunan mutum ake nema, domin mutane ake rantsarwa a matsayin lauyoyi, kuma Kotun Ƙoli ta nuna muhimmancin haka a 2007 a shari'ar Okafor da Nweke, inda ta ƙi amincewa da takardar kotu da aka sa wa hannu da sunan ofishi kawai. Sannan ku sanar da dukkan magada tun daga ranar farko, har da matan marigayi da 'ya'ya mata da ke gidajen aurensu, saboda duk gyaran da aka fara a ɓoye zargi yake haifarwa ko da niyyar mai yin sa tsarkakakkiya ce.

6. Ba za a iya gogewa a gyara da biro ba, ko a yi takardar rantsuwa a huta?

Kada ku yarda a goge, ko a kankare, ko a zare shafi a sauya wani a takardar da aka riga aka sa wa hannu, ko da ma'aikacin ofishin lauyan ne ya ce zai yi muku cikin minti biyar. Dokar Shaida ta 2011 ta hana mutum neman haƙƙi da takardar da aka ga an canza wani muhimmin abu a jikinta, sai idan ya nuna an yi canjin kafin a kammala ta ko da yardar wanda abin ya shafa. Kwafin da ke ma'aikatar ƙasa ma zai ci gaba da ɗauke da tsohon rubutu, a wayi gari da takardu biyu masu saɓani a kan gida ɗaya, kuma idan wani magaji ya kai ƙara, abin yana iya komawa tuhumar yin jabun takarda.

Takardar rantsuwa da ake yi a kotu tana da amfani a wuri ɗaya, wato bayyana cewa Aishatu da A'isha da ke takardu biyu mutum ɗaya ce, kuma hukumomi sukan karɓe ta tare da katin shaida. Ba ta canza lambar fuloti, ba ta canza awo, ba ta shigar da magajin da aka tsallake, domin maganar mutum ɗaya ce a kan abin da ya shafi mutane da yawa.

7. Idan duk magada sun yarda an yi kuskure, yaya ake gyarawa?

Idan ba a kai ga biyan harajin hatimi da yin rajista ba, abin da sauƙi: a sake buga takardar daidai, kowa ya sake sa hannu a gaban shaidu, a tattara dukkan kwafin tsohuwar a soke su a gaban kowa. Idan kuwa an riga an yi rajista, lauya zai rubuta takardar gyara, wadda a ofisoshinsu suke kira Deed of Rectification. A cikinta za a ambaci takardar farko da kwanan watanta da lambar rajistarta, wato lamba da shafi da kundin da aka shigar da ita, a kawo kalmomin da aka yi kuskure a kansu yadda suke, a kawo waɗanda za su maye gurbinsu, sannan a bayyana cewa sauran abin da ke cikin ta farko yana nan daram. Duk wanda ya sa hannu a ta farko zai sa a wannan. Wanda ba ya karanta Turanci a karanta masa a fassara masa da Hausa, a rubuta a jikin takardar cewa an yi hakan da sunan wanda ya fassara.

Daga nan sai a biya harajin hatimi a hukumar harajin jiha, a kai ta ma'aikatar ƙasa a yi mata rajista, a liƙa bayaninta a fayil ɗin filin. Idan gyaran ya taɓa girman fili ko wanda ya mallake shi, hukuma tana iya neman sabuwar taswira da amincewar gwamna, ko ta Ministan Babban Birnin Tarayya idan a Abuja ne. Wannan amincewa ba abin wasa ba ce: sashe na 22 na Dokar Amfani da Ƙasa ya wajabta ta wajen miƙa fili mai C of O ga wani, sashe na 26 ya ce cinikin da aka yi ba bisa ƙa'idar dokar ba ɓatacce ne, sashe na 24 kuma ya hana a tsaga fili mai C of O gida biyu ko fiye saboda gado sai da yardar gwamna.

Akwai matakin da mutane da yawa suke tsallakewa. Bayan an ce an gama, ku sake biyan kuɗin bincike ku ga da idonku cewa gyaran ya shiga fayil da kwamfutar hukumar, kuma takardar neman kuɗin ƙasa na shekara tana fitowa da suna da lamba daidai.

8. An tsallake sunan magaji ɗaya, ko an rubuta kaso ba daidai ba. Takardar gyara ta isa?

Ta isa idan takardar kotu tana ɗauke da rabon daidai, lauya ne kawai ya kwafa ba daidai ba, kuma ba a riga an raba kuɗi a kan kuskuren ba. Idan kotun ma ba a gaya mata da wannan magajin ba, dole a koma gabanta a sake lissafi, domin lauya ba shi da ikon yanka wa kowa kaso. Kason yana cikin Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12 da ta 176, kuma ana fitar da shi ne bayan kuɗin jana'iza da bashi da wasiyyar da ba ta wuce sulusi ba.

A ɗauki misalin gidan da aka yi wa kuɗi Naira miliyan 24, marigayi ya bar mata ɗaya da 'ya'ya maza 2 da mata 3, ba shi da iyaye a raye. Tumunin matar miliyan 3 ne. Ragowar miliyan 21 za a kasa kashi 7, kowane namiji ya sami miliyan 6, kowace mace miliyan 3. Idan aka tsallake 'ya ɗaya, kashi 6 za a yi, maza su tashi da miliyan 7 kowanne, mata biyun kuma miliyan 3 da rabi. Layi ɗaya da ya faɗi daga takarda ya zuba haƙƙin marainiya a aljihun 'yan'uwanta huɗu, kuma kowannensu sai ya mayar da abin da ya hau kansa. Idan akwai ƙananan yara cikin magada, waliyyinsu ba shi da ikon yafe musu kasonsu don a huta da wahalar gyara.

9. Wani magaji ya ƙi sa hannu, wani yana ƙasar waje, wani kuma ya rasu. Yaya za a yi?

Wanda yake zaune a Saudiyya ko Sudan ko Gana ko Nijar yana iya ba wani amintacce rubutaccen wakilci da aka sa wa hannu a gaban notari, wato jami'in da doka ta ba ikon tabbatar da sa hannu a takardu, ko a ofishin jakadancin Nijeriya, a ambaci gidan da aikin da aka wakilta shi ya yi ƙarara. Wanda ya rasu, kasonsa ya gangara ga nasa magadan, abin da malaman gado ke kira munasakha, don haka su za a nema, kuma sau da yawa sai an fara raba nasa gadon a kotu. Wannan shi ne dalilin da ya sa gyaran da mutum biyar za su iya yi bana yake komawa na mutum ashirin bayan 'yan shekaru.

Wanda ya ƙi sa hannu, a fara gano dalilinsa. Sau da yawa tsoro ne, yana zaton za a sake buɗe rabon da aka rufe. A zaunar da shi a gaban wani babba na dangi ko limami ko mai unguwa, a nuna masa takardar kotu da ta lauya gefe da gefe, ya ga cewa gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Idan hakan bai yi ba, akwai cibiyoyin sulhu da ke ƙarƙashin Babbar Kotu a Kano da Abuja da wasu jihohi. Idan kuwa ya ƙi ne don kuskuren ya ƙara masa abin da ba nasa ba, sai kotu.

10. Wace kotu za mu je?

Ya danganta da abin da ake jayayya a kansa. Idan tambayar ita ce wane ne magaji kuma nawa ne kasonsa, wannan hurumin kotun shari'ar Musulunci ne, ko kotun yanki a wuraren da ake da ita, kuma ɗaukaka ƙara tana kaiwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, wadda sashe na 277 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba iko a kan gado da wasiyya da kyauta da waƙafi na Musulmi. Idan kuwa ana neman a gyara ko a soke takardar da aka yi wa rajista a kan fili mai C of O, sashe na 39 na Dokar Amfani da Ƙasa ya keɓe wannan ga Babbar Kotun Jiha. Shigar da ƙara a inda ba ta da hurumi yana cinye shekaru, a ƙarshe a rushe komai a ce a sake daga farko.

Babbar Kotu ba ta gyara takarda don wani ya sauya ra'ayi. Sai an nuna mata da hujja mai ƙarfi cewa akwai abin da aka tsayar kafin rubutu, kuma rubutun ya kauce masa. Takardar rabon gado mai hatimin kotu, da bayanan da aka ba lauya a rubuce, da wasiƙar da ofishin ya amsa laifinsa a ciki, su ne suke ɗaukar wannan nauyi.

11. Idan an riga an sayar da gidan ko an jinginar da shi a banki fa?

Da zarar kun ji ƙishin-ƙishin ana neman sayarwa, ku sa lauya ya shigar da takardar gargaɗi a fayil ɗin filin a ma'aikatar ƙasa, ya kuma nemi umarnin kotu na dakatar da ciniki. Idan an riga an sayar wa wanda ya biya kuɗinsa da zuciya ɗaya bai san da kuskuren ba, kotu ba ta cika yarda a yi gyaran da zai cutar da shi ba, sai magajin da aka zalunta ya koma neman kuɗinsa daga waɗanda suka karɓa da kuma ofishin da ya jawo asarar. Idan mai sayen ya sani, ko akwai alamar da ta isa ta sa shi bincike ya kau da kai, matsayinsa ya raunana. Gidan da ke jingina kuwa, asalin takardunsa suna hannun banki, don haka ba a gyara sai da saninsa da sa hannunsa.

12. Wa zai biya kuɗin gyara, kuma za mu iya neman diyya?

Idan an tabbatar kuskuren na ofishin ne kamar yadda aka bayyana a amsa ta 4, adalci shi ne su rubuta takardar gyara ba tare da karɓar ko kwabo ba, su kuma ɗauki kuɗin hatimi da rajista na karo na biyu. Ku nemi hakan a cikin wasiƙarku ta farko. Ofisoshin da suka san darajar sunansu sukan yi ba tare da ja-in-ja ba. Sashe na 9 na Dokar Lauyoyi ya ce lauya ba shi da kariya daga biyan ɓarnar da sakacinsa ya jawo, kuma duk sharaɗin da ya rubuta don kuɓutar da kansa daga wannan ba shi da tasiri, sai fa idan kyauta ya yi aikin, inda doka ta ba shi damar iyakance nauyinsa.

Diyya sai da asarar da za a iya nunawa: rasit na kuɗin da aka sake kashewa, cinikin da ya rushe saboda takardar, kason da ya salwanta. Akwai kuma wa'adi. Dokokin jihohi sun iyakance lokacin shigar da ƙarar sakaci ko saɓa yarjejeniya, a wasu jihohi shekara 5, a wasu 6, ƙarar neman fili kuma shekara 10 ko 12, saboda haka kada jiran amsar ofishin ya cinye muku wa'adin.

13. Ofishin ya yi biris da mu, ko ya rufe, ko lauyan ya rasu. Ina muka nufa?

Gyaran ba ya jiran wanda ya yi kuskuren. Kowane lauya mai lasisi yana iya rubuta takardar gyara da kwafin da aka samo daga kotu da ma'aikatar ƙasa, kuma idan amana ta riga ta lalace, gara ma a ɗauki wani daban, a ajiye rasit domin a nemi kuɗin daga baya. Idan ofishin yana riƙe da takardunku, ku fara tabbatar da cewa ba ya bin ku kuɗin aiki, domin doka ta yarda lauya ya riƙe takardun wanda bai gama biyansa ba. Masu ƙaramin ƙarfi suna iya tuntuɓar Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Ƙasa, wadda take da ofisoshi a manyan biranen jihohi, mata kuma suna iya zuwa ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA.

Game da ladabtarwa, ana kai koke a rubuce tare da rantsuwa da kwafin hujjoji ga shugaban reshen NBA na garin, ko ga Kwamitin Ladabtar da Lauyoyi, LPDC, da ke Abuja. Kwamitin yana da ikon gargaɗi, ko dakatarwa, ko soke sunan lauya daga rajista, kuma yana iya umartar a mayar da kuɗi ko a miƙa takardu. Tuntuɓen alƙalami da aka amsa aka gyara ba ya kai mutum gaban kwamitin. Abin da yake kai shi shi ne ɓoye kuskuren, ko ƙin sakin takardu ba da dalili ba, ko haɗa baki da wani magaji a rubuta abin da ba shi aka raba ba. Kwamitin ba ya gyara rajistar fili, saboda haka ko da an kai koke can, matakan da ke amsa ta 7 da ta 10 suna nan sai an bi su.